Tagar da Ke Kallon Yamma

Shekara hamsin da ɗaya tagar nan tana kallon yamma
daga wannan gaɓa ta Jutland.
Ba ta da labule. Thyge ya ce labule na masu tsoron teku ne.
Da can, in ka tsaya nan da kofin shayi a hannu,
tudun yashi za ka gani, da ciyawar da iska ta lanƙwashe,
sai ruwa,
sai wani siririn zare
inda sama ke ɗora haɓarta a kan Tekun Arewa.
Bayan zaren babu komai.
Wannan babun ita ce dukiyata.

Ta nan ya bi, wata Talata cikin Nuwamba,
shi da ƙaninsa, da komar da na kwana ina ɗinke musu.
Jirgin ya ƙanƙance, ya koma ɗigon tawada,
zaren ya haɗiye shi.
Ba a kawo min gawa ba.
Da na rasa kabarin sharewa
sai na koma goge gilashin taga.

Yanzu an kafa turaku a kan zaren,
farare fat, dogaye, kowanne da hannu uku,
suna ta iyo a iska ba sa isa gaɓa.
Na ƙirga su ranar da gari ya washe: talatin da takwas.
Washegari talatin da biyar, hazo ya ɗebi rabonsa.
Dare na yi su buɗe jajayen idanu,
su ƙyafta tare, su rufe tare,
kai ka ce wani gari ne ya tsiro a tsakiyar ruwa
wanda mutanensa suka yi hannun riga da barci.

Maƙwabcina Aksel ya zaga gida-gida da takardar ƙorafi.
Jamusawa yake ba hayar ɗakuna da bazara.
Ya ce, wa zai biya kuɗinsa
ya kalli rana tana faɗuwa a bayan shinge?
Na sa hannu, ban faɗa masa dalilina ba.
Shi faɗuwar rana yake sayarwa.
Ni kabari aka yi min gini a kai.

Sai ga jikata Solvej ta samu aiki a can,
da hular kwano, da igiya ɗaure a ƙugu.
Mako biyu a ruwa, mako biyu tana gyangyaɗi a kujerata,
gashinta na warin man inji da gishiri.
Ta ce, "Kaka, kifi ya taru a gindinsu,
ƙaguwa ta yi gida a duwatsun da aka zuba."
Na ce, "Kifi ba shi da taga."

Ta yi dariya, ta miƙo min wayarta.
Hoto ne daga ƙwanƙolin na sha bakwai:
ƙasa siririya kamar ɓawon burodi,
hasumiyar coci, tankin ruwa,
da wani ɗan farin ɗigo a gefe.
"Gidanki ke nan. Daga can, ku ne kuka ɓata zaren."

Na daɗe ina kallon ɗigon.
Ashe abin da ya gani ke nan da ya waiwayo.
Shekara talatin ina kallon ƙeyarsa,
ban taɓa sanin girman abin da ya bari ba.

Ban janye sa hannuna ba.
Har gobe ba na son su.
Sun yi wa samata tsaga irin wadda ba ta gogewa,
kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaye ni.

Amma a makon da take can
nakan kashe fitilar ɗaki,
in ɗora buta a kan wutar lantarki,
in fara ƙirga jajayen idanu daga hagu.
In na kai na sha bakwai sai in tsaya.
Ya rufe, ya buɗe. Ya rufe, ya buɗe.
A bayana buta ta fara kuka,
ruwan shayina na tafasa
da iskar da ta ɗauke min miji.